Jan maɓalli ya fi wayarka sauri: yadda ake haɗa akwatin sarrafa ƙaramin injin CNC a gida

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon ƙaramin injin CNC a TikTok ko YouTube ya san yadda abin yake ɗaukar ido. An ɗaure guntun katako a kan faranti, wani siririn haƙori yana juyawa yana bin layi shi kaɗai, kafin ka ankara suna ya fito ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi. Abin da masu bidiyon suke yankewa shi ne daƙiƙa biyun da aiki ke ɓaci: katakon ya kuɓuce daga maɗaurinsa, ko haƙorin ya nutse fiye da kima ya doshi ƙusar da ke riƙe da aikin. A wannan lokaci abu ɗaya mai inji yake buƙata, wato wurin da zai kai hannu ya tsayar da komai ba sai ya duba ba. Da yawa daga cikin injinan masu araha da ake odarsu daga ƙasar Sin ba su zuwa da wannan wuri. Kebul na USB za a ba ka, a ce ka sarrafa shi daga kwamfuta ko wayar hannu.

CNC inji ne da ake gaya wa inda zai kai bakin yankansa ta hanyar lambobi. Dabarar ta daɗe, don tun 1952 aka nuna injin farko mai bin irin wannan umarni a jami'ar MIT ta Amurka, a zamanin da ake loda masa aiki da doguwar takarda mai huji-huji. Abin da ya sauya shi ne girma da kuɗi. Wanda ya fi yawa a hannun masu koyo a yau shi ne samfurin da ake kira 3018, sunan da ya samo daga filin aikinsa: milimita 300 a tsawo, 180 a faɗi, sai kamar 45 na hawa da sauka. A kan teburin karatu ma zai zauna.

Ba zai sassaƙa maka ƙofa ko fuskar gadon amarya ba, ya yi ƙanƙanta. Amma ayyukan da yake iyawa suna da masu saye a tsakanin Jega, Aliero da Maiyama. Allon suna na ofis da na shago, maƙalin makulli, hatimi, da farantin roba mai huda haruffa wanda dillalin albasa a Aliero zai ɗora a kan buhu ya shafa fenti, sunansa ya fito iri ɗaya a kowane buhu. Ɗalibin injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha da jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 kuwa zai iya kankare layukan allon lantarki na aikinsa na ƙarshe da shi, ba sai ya nemi ruwan asid ba. Sai dai duk wanda zai yi aiki da injin a wannan yanki zai gamu da abubuwa uku da masu ƙera shi ba su sa a lissafi ba: wutar da ke tafiya ta dawo ba sallama, ƙurar hunturu, da kuma cewa wayar hannu ce kwamfutar mafi yawanmu.

Abin da ke cikin kan injin

Ƙwaƙwalwar irin waɗannan injina wata manhaja ce ta kyauta mai suna GRBL. Wani ɗan ƙasar Norwe, Simen Svale Skogsrud, shi ya fara rubuta ta a 2009, daga baya Sungeun Jeon ya ci gaba da ita har ta kai zubi na 1.1 da aka fi amfani da shi. Tana zaune ne a cikin ATmega328P, guntun nan da ke kan allon Arduino Uno. Kwamfuta ko waya tana turo mata umarni layi bayan layi, ita kuma tana juya umarnin zuwa bugun lantarki ga motoci uku masu tafiya taku-taku, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Su ake kira X da Y da Z.

Akwai wani hali na waɗannan motoci da ya kamata mai karatu ya riƙe, don duk bayanin da ke tafe a kansa ya dogara. Ba su ba da rahoton inda suke. GRBL ƙirga takun da ta tura kawai take yi, a yawancin 3018 taku 800 ne ke ba da milimita ɗaya, sai ta ɗauka cewa haƙorin ya isa inda ta aike shi. Idan wani abu ya tare hanya, ko wutar motocin ta yanke, ita ba ta sani ba. Za ta ci gaba da ƙirgenta kamar makahon da ke lissafin taku a hanyar da aka riga aka sauya.

Me ya hana a tsaya a kan waya?

Akwai manhajojin Android da ke magana da GRBL ta Bluetooth ko ta kebul na OTG, kuma suna aiki. Suna nuna inda haƙori yake, suna tura fayil, har da hoton maɓallin tsayawa a fuskarsu. A ganina wurin tura aiki da kallon lambobi babu laifi a yi amfani da su. Wurin tsayar da inji ne ban yarda da su ba.

Fuskar waya gilashi ce sumul, yatsa ba ya jin inda maɓalli yake, dole sai ido ya bar aikin ya koma kan wayar. Hannun da garin katako ya rufe, ko gumin watan Afrilu ya jiƙa, sau da yawa fuskar ba ta karɓarsa a taɓawar farko. Fuskar tana mutuwa bayan daƙiƙa talatin, sai ka sa lambar sirri. Kira yana iya shigowa ya rufe komai. Wayoyi da yawa kuma suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tanadin batir, ba tare da sun tambaye ka ba.

To idan sadarwa ta yanke a tsakiyar aiki, me zai faru? Injin ba ya tsayawa nan take. GRBL tana ajiye umarni goma sha wani abu a gaba, kuma sai ta gama su. Layi ɗaya kawai yana iya zama yanka mai tsawon milimita 200. Bayan ta gama sai motoci ukun su tsaya, amma moton da ke juya haƙori ba wanda ya ce masa ya daina, don haka zai ci gaba da juyi kusan 10,000 a minti ɗaya a wuri guda, a cikin busasshen katako, kewaye da garinsa. Wanda ya taɓa ganin yadda rautar kafinta ke baƙanta katako in ta daɗe a wuri ɗaya ya san inda maganar ta nufa.

Maɓallai ukun da aka riga aka tanadar wa wuri

Abin daɗin shi ne waɗanda suka rubuta GRBL sun bar ƙafafu uku a jikin Arduino musamman don maɓallan hannu, ba ka buƙatar rubuta ko layi ɗaya na manhaja. Ƙafar A0 ta soke aiki ce, A1 ta dakatawa, A2 ta ci gaba. Kowane maɓalli waya biyu gare shi, ɗaya ta tafi ƙafarsa, ɗayar ta tafi GND. Da ka danna, ƙafar ta haɗu da GND, injin ya amsa. A kan allon CNC Shield da ake ɗorawa bisa Uno an rubuta sunayensu a gefe. A allunan 3018 kuwa ya danganta da wanda ya ƙera, wasu sun fito da ƙafafun a jere da lambobinsu, wasu sai mai gyaran waya ya bi layi da mita ya liƙa da dalma.

Bambancin dakatawa da sokewa shi ne abin da masu koyo suka fi ruɗewa a kai. Dakatawa tana sa motocin su rage gudu su tsaya cikin tsari, ƙirgen taku bai ɓace ba, kana danna ci gaba aikin zai ɗora daga inda ya tsaya ba tare da tabo ba. Ita za ka fi dannawa a kullum: in za ka share gari, in ka ji sautin yankan ya sauya, in an kira salla. Amma ka sani haƙorin bai daina juyawa ba, kada ka kai yatsa. Sokewa kuwa tana yanke komai a take, har da moton haƙori, sai dai idan injin yana cikin tafiya GRBL za ta kulle kanta ta nuna ƙararrawa, don ta san ƙirgenta ya lalace. Sai ka buɗe ta da umarnin $X, ko ka mai da ita gida da $H in ka sa makunnan iyaka, sannan ka sake nemo mafarin aikin.

Wurin waya, babu abin da ya kai guntun kebul na intanet, irin wanda ake ja a kafe da ofisoshi. Zare takwas ne a ciki, an murɗe su bibbiyu, kuma wannan murɗar tana rage hayaniyar lantarki. Ba wa kowane maɓalli tagwayensa, zare ɗaya sigina, ɗaya GND.

Hayaniyar nan ba ƙaramar matsala ba ce. Moton 775 da ke zuwa da 3018 mai gawayi ne, yana tartsatsi a ciki muddin yana juyawa, doguwar waya kuma tana kama wannan tartsatsi kamar eriya. Sakamakon shi ne injin ya riƙa tsayawa haka kawai, mutum ya fara zargin manhaja ko ma wani abin daban. Dalili shi ne rezistar cikin Arduino da ke riƙe ƙafar a bolt 5 ba ta da ƙarfi, tsakanin kilo-om 20 zuwa 50 take. Magani mai sauƙi: ƙara rezista mai kilo-om 4.7 daga ƙafar zuwa bolt 5, da ƙaramar kafasta mai lamba 104 daga ƙafar zuwa GND, a kusa da allon ba kusa da maɓallin ba. Kada kuma kebul ɗin maɓallai ya bi hanya ɗaya da wayar moto. Wanda yake son ya raba gardama gaba ɗaya sai ya sa PC817 a tsakani, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafa huɗu da ke isar da sigina ta haske. Masu gyaran caja sun san shi, yana cikin matattun cajoji da yawa da ake zubarwa a bayan shago.

Jan maɓallin gaske

Duk ukun nan da muka ambata roƙo suke yi. Suna gaya wa manhaja ta tsaya, ita kuma ta tsaya idan tana cikin hayyacinta. Idan guntun ya daskare, ko transistan da ke kunna moton haƙori ya ƙone ya liƙe a kunne, danna su har gobe ba abin da zai faru. Ko rubutun E-STOP da ke kan CNC Shield kada ya ruɗe ka, ƙafar sake tayar da Arduino yake taɓawa, ba ya yanke wutar moto.

Maɓallin gaggawa na ainihi wuta yake yankewa. Shi ne mai faffaɗan jan kai, wanda in an buga shi yake maƙalewa a ciki sai an murɗa ya fito. Ƙa'idar ISO 13850 ta ce ya zama ja a kan bango ruwan ɗorawa, don ko baƙon da bai san injin ba ya gane shi. Ramin da yake shiga milimita 22 ne, girman da ya zama gama-gari a akwatunan lantarki na masana'antu.

A bayansa akwai tubalan haɗi iri biyu, kuma a nan hikimar take. Mai alamar NO a buɗe yake sai an danna ya haɗa. Mai alamar NC a haɗe yake sai an danna ya raba. Na gaggawa dole ya zama NC, wutar injin tana bi ta cikinsa kullum. Ka ɗauka ɓera ya ci wayar da dare, abin da kowane mai shago kusa da rumbun hatsi ya saba gani. Idan NC ne, da safe injin ba zai tashi ba, ka nemo dalili ka gyara. Idan NO ne, injin zai tashi lafiya lau, ba za ka san maɓallin ya mutu ba sai ranar da ka buga shi bai amsa ba. Maɓallan A0 da A1 da A2 duk irin NO ne a yadda GRBL take zuwa, wannan ma wani dalili ne na ƙin dogara da su kaɗai.

In an ɗauke wuta, in an kawo

Wannan ne sashen da ya fi shafar mu, kuma bidiyoyin waje ba su cika tsayawa a kansa ba, don su wutarsu ba ta yi musu haka.

Ka ɗauka kana aiki da laftof, ta haɗu da injin ta USB. Motocin suna shan bolt 24 daga adaftar da ke jikin bango, amma Arduino Uno da alluna da yawa irinsa suna iya rayuwa da bolt 5 na USB kaɗai. Aka ɗauke wuta. Motoci suka tsaya, haƙori ya tsaya a cikin katako. Laftof tana da batir, ba ta san an yi komai ba, tana ci gaba da tura layuka, GRBL tana ci gaba da ƙirga takun da ba a yi ba. Kai kuma ka ga inji shiru, ka sunkuya ka sa hannu za ka duba haƙorin. Sai aka dawo da wuta, ko yaron shago ya juya layi zuwa janareta. A wannan daƙiƙar moton haƙori zai tashi da cikakken gudunsa, motoci uku kuma su ɗora daga wurin da ba shi ne ba. Asarar katako da karyewar haƙori su ne mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma yatsan da haƙorin inji ya yanka ba aikin ɗori ba ne.

Maganin wannan ya girmi CNC, kuma duk wanda ya taɓa buɗe akwatin kunna famfon rijiyar burtsatse ko na babban moton injin casa mai aiki da lantarki ya gan shi: kore na tayarwa, ja na kashewa, da kwantakta a tsakiya mai riƙe kanta. Masu wayarin da ke haɗa irin waɗannan akwatuna a Jega ko Maiyama sun san haɗin a ka, ko da ba su taɓa ganin CNC ba.

Ga yadda yake a ƙaramin inji. Nemi rile mai ƙafa takwas wadda koyil ɗinta ke aiki da bolt 24 na DC, tana da hanyoyin haɗi biyu. Daga jan layin adafta, wuta ta fara bi ta jan maɓalli NC, ta wuce zuwa koren maɓalli NO, ta shiga koyil, ta fita zuwa baƙin layi. Sai ka ɗauki hanya ɗaya ta rilen ka haɗa ta kafaɗa da kafaɗa da koren maɓallin. Da ka danna kore, koyil ta ja, hanyar nan ta rufe, ta ci gaba da ciyar da koyil ɗin ko ka ɗaga yatsa. Hanya ta biyu ita ke kai bolt 24 zuwa allon injin. Yanzu in wuta ta ɗauke, koyil ta saki, kuma ko an dawo da wutar ba abin da zai motsa sai mutum ya danna kore da hannunsa. Haka nan in ka buga ja sannan ka murɗa shi ya fito, injin ba zai zabura ba, zai jira kore. Sa dayod 1N4007 a kan ƙafafun koyil, ɓangaren mai zobe yana kallon jan layi, don ya shanye tartsatsin da koyil ke mayarwa in ta saki. Ka kuma duba rubutun jikin rilen, ka tabbata amfiyar da aka rubuta ta DC ta fi abin da adaftarka ke bayarwa, don ta AC daban take.

Saura abu ɗaya. Jan maɓalli ya yanke wutar moto, amma GRBL tana nan da ranta a kan USB tana ƙirge. Shi ya sa ake ƙara tubali na biyu, NO, a bayan jan maɓallin, a kai shi A0. Bugu ɗaya ya yanke wuta ya kuma soke aikin. In wutar gari ce ta ɗauke da kanta, ka saba wa hannunka: soke aiki tukuna, sannan kore.

Duk wannan a ɓangaren bolt 24 ne, wanda mai koyo zai iya taɓawa. Wanda ya ƙera babban inji da rautar kafinta mai shan wutar bango ta bolt 230, haɗin iri ɗaya ne amma da kwantakta, kuma wannan aikin mai wayarin ne. A biya shi ya yi.

Tuƙa haƙori da yatsa

Kafin kowane aiki sai an kai haƙori kusurwar katako, an sauko da shi a hankali har ya taɓa fuskar aikin, a ce wa inji nan ne sifili. Yawanci takarda ake sawa a ƙarƙashi, ana saukowa da milimita 0.1 ana jan takardar har ta fara kamawa. Idonka yana kan bakin haƙori, hannu ɗaya yana kan takarda, ɗayan yana laluben kibiya a fuskar waya. Kuskuren taɓawa ɗaya, ko a ce matakin yana kan milimita 10 ba ka lura ba, haƙori ya tafi.

GRBL ba ta da ƙafafu na wannan aiki, umarni ake turo mata. A zubi na 1.1, layi kamar $J=G91 X10 F500 yana nufin matsa dama milimita 10 da gudun milimita 500 a minti. Don haka maɓallan tuƙi sai sun bi ta wata na'urar.

Hanya mafi araha ba ta buƙatar dalma ko kaɗan: ƙaramin kibod na lambobi zalla mai USB, irin na masu lissafi. Manhajar Candle, wadda ake yawan bayarwa tare da 3018, tana karɓarsa in ka kunna sarrafawa da kibod: 4 da 6 na X, 8 da 2 na Y, 9 da 3 na Z. Ka liƙa takarda a kan maɓallan ka zana kibiyoyi, ka ɓalle waɗanda ba ka buƙata. Universal Gcode Sender kuma tana barin ka zaɓi maɓallin da kake so ga kowane aiki, har hannun gem tana karɓa, abin da matasan gidan gem ba sai an koya musu riƙonsa ba.

Mai son ya ƙera nasa sai ya nemi Arduino Pro Micro ko Leonardo. Guntunsu ATmega32U4 ne, wanda ke iya gabatar da kansa ga kwamfuta a matsayin kibod, abin da Uno ba ta yi kai tsaye. Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 shi ma yana yi. Maɓallai shida na tuƙi, ɗaya na sauya mataki, da 'yan layukan manhaja masu cewa in an danna wannan a tura harafi kaza. A saka jinkirin kamar milisakan 20 bayan kowace dannawa, saboda ƙarfen cikin maɓalli yana ɗan tsalle kafin ya zauna, guntun kuma yana da saurin da zai ƙirga dannawa ɗaya a matsayin uku. A wurin sauko da Z, wannan shi ne bambancin taɓa takarda da huda katako.

Raunin wannan hanya shi ne kibod yana magana ne da tagar da ke gaba a kwamfuta. In wani saƙo ya faɗo ya rufe Candle, dannawarka can za ta tafi. Akwai kuma tuƙi na riƙewa, inda inji ke tafiya muddin yatsa na kan maɓalli. Yana da daɗi, amma ya dogara da isar saƙon cewa ka saki, in saƙon ya ɓace a hanya inji zai wuce har ya daki bango. Ni na fi son mataki-mataki ga mai koyo, kowace dannawa tafiya ɗaya mai iyaka.

Manyan injina suna da wata ƙaramar ƙafa da ake juyawa da hannu, mai ƙas-ƙas 100 a zagaye ɗaya, da makunnin zaɓar ko kowane ƙas ya zama milimita 0.01 ko 0.1 ko 1. Ana iya kwaikwayonta da KY-040, mai kama da abin ƙara sautin rediyon mota, mai ƙas 20. Sai dai a rubuta manhajar ta riƙa watsar da juyin da ya yi yawa, in ba haka ba ka juya da sauri ka saki, inji ya ci gaba da biyan bashin takun da ka tara masa.

Wanda ba shi da laftof sam, ya dubi FluidNC, wadda Bart Dring ya jagoranci rubutawa don allon ESP32. Tana buɗe Wi-Fi nata, ka shiga da burauzar wayarka ba tare da data ba, ka loda fayil a katin memori da ke jikin allon. Aikin daga katin yake gudana, don haka ko wayar ta mutu ko an kira ka, yankan bai katse ba. Ita ma tana karɓar maɓallan dakatawa da ci gaba da sokewa, a fayil ɗin saitinta ake gaya mata ƙafar da kowanne yake.

Akwatin kansa

Farar akwatin roba da masu wayarin ke haɗa wayoyi a ciki ta wadatar, kuma ta fi ta ƙarfe aminci ga mai koyo. Maɓallai masu milimita 22 da rile ana samunsu wurin masu sayar da kayan akwatin famfo da na masana'antu. In ba a dace a kusa ba, akwai Birnin Kebbi da Sakkwato, ko a yi saƙo wurin masu zuwa France Road a Sabon Garin Kano. Arduino da ESP32 galibi sai oda ta intanet.

Ƙananan maɓallan nan masu ƙafa huɗu da ake cirowa daga tsohon rediyo ko firinta suna da kyau wurin gwaji a tebur, amma ba su jure shago. Tsakanin ƙurar Disamba da Janairu da garin katakon da injin ke fesawa, ba su daɗewa suke fara ƙin amsawa. Nemi masu zoben roba a wuya, waɗanda aka rubuta wa IP65, ka toshe ramin da kebul ya shiga da gam mai zafi. Ja ya zauna shi kaɗai a sama, nesa da sauran, inda tafin hannu zai same shi ba tare da ya goge wani ba. Kore ya zama mai nutsattsen kai don kada gwiwar hannu ta danna shi. A ɗaure akwatin da kusoshi a gaban tebur ta ɓangaren hannun da ka fi amfani da shi, kada a bar shi yana yawo a ƙarƙashin tarkace, kuma kada ya zama sai ka miƙa hannu ta saman haƙori kafin ka kai gare shi.

Kafin ka sa haƙori, gwada komai a iska. Cire haƙorin, ɗaga Z sama, tura wani tsohon fayil. Danna dakatawa ka ga ya tsaya, danna ci gaba ka ga ya ɗora. Buga ja ka ji moton ya mutu, murɗa shi ya fito ka tabbata ba abin da ya motsa. Sai ka tayar da aikin kuma, ka zare filogin adafta daga bango yana tsakiyar tafiya, ka ƙirga goma, ka mayar. In rilen ta yi shiru har sai da ka danna kore, haɗin ya yi daidai. In ta ja da kanta, hanyar riƙon ta tsallake koren maɓallin ne ta wata ƙafar da ba ita ba, sai a zare wuta a sake bin wayoyin da mita ɗaya bayan ɗaya.